Azeta da Mijinta Mai Fassarar Fim

Duk wanda ya taɓa shan koko a unguwar Nyanshegu da ke Tamale ya san Azeta. Shekara talatin da wani abu tana ajiye tukunyarta a gindin darbejiyar da ke bakin hanyar masallaci. Amma mutanen unguwar da suka manyanta sun fi kiran ta matar Imurana mai fassara.

A zamanin da gidajen bidiyo ke tashe a Tamale, Imurana ne ke tsayawa kusa da talabijin yana juya wa jama'a Turancin fim zuwa Hausa da Dagbani. Ajinsa huɗu a makaranta, saboda haka rabin abin da yake faɗi daga kansa yake fitowa. Idan jarumi ya zare takobi, Imurana zai ce, "Ya ce wa dodon nan, yau sai uwarka ta haifi wani!" Ɗaki ya ɗauki ihu. Azeta kuwa tana budurwa tana sayar da gyaɗa a bakin ƙofa, tana leƙe ta labule. A can suka san juna, aka ɗaura musu aure, suka haifi 'ya ɗaya, Najat.

Da gidajen bidiyo suka mutu, Imurana ya koma gyaran keke, bai ƙara zancen fim ba.

Shekara uku da suka wuce ya faɗi a bakin aiki. Ya tashi daga jinyar, ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma tunani ya riƙa zubewa kaɗan-kaɗan. Ya fara da manta inda ya ajiye sifana. Daga baya wani mai babur ya tsinto shi can a unguwar Gumani yana tambayar hanyar gidan mahaifiyarsa, wadda ta rasu tun kafin a haifi Najat. Wata safiya Azeta ta miƙa masa koko, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, baiwar Allah. Ke 'yar gidan nan ce?"

Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, ta daɗe ba ta fito ba.

Bayan la'asar ne ya fi wahalar da su. Sai ya tashi ya nufi ƙofa yana cewa zai makara aiki, wanda ya tare shi ya sha faɗa. Najat, wadda ke koyarwa a firamare, ita ta yi dabara. Ta je kasuwa aka zuba mata tsofaffin finafinai a filashi, irin na takubba da dodanni da jiragen ruwa, ta jona a talabijin.

"Baba, ga aikin ya zo gida," in ji ta.

Imurana ya tsaya yana kallo. Jirgi ya tsaya a bakin wani tsibiri, mutane suka sauko riƙe da masu a hannu. Sai ya gyara tsayuwa a gefen talabijin, ya yi gyaran murya.

"To jama'a, a yi shiru! Wannan mai jan rawanin ƙanwarsa ya zo nema. Ku riƙe shi da kyau, zai sha wuya."

Azeta ta dafe ƙirji. Muryar ce sak, har da yadda yake jan ƙarshen magana. Bai manta ko wuri ɗaya ba. Kafin ƙaton ƙadangare ya fito daga kogo ya riga ya ce, "Mai tsoro ya rufe ido."

Ita ba ta rufe ba. Wannan ƙadangaren ya taɓa hana ta zuwa bayan gida ita kaɗai har mako guda. Yanzu da ta zauna gab da talabijin sai ta ga roba ce, bakinsa ma ba ya rufuwa daidai, duwatsun da ke faɗowa kuma suna tsalle kamar katifa. Ta yi dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma ta kasa tsayar da hawayen.

Haka suka yi wajen shekara biyu. Kullum bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma, ta kunna, ta zauna. Ya san sunan kowane matuƙin jirgi da kowane boka a finafinan nan, amma ita yakan ce mata, "Hajiya, matsa gefe, kina tare wa na baya." Sai ta matsa, ko da yake ba kowa a bayanta sai bango.

Wata rana ana tsakiyar faɗa a fim, ya sunkuyo ya rage murya.

"Hajiya, kin ga yarinyar can mai gyaɗa a bakin ƙofa?"

Azeta ta waiwaya wajen ƙofa. Labule ne kawai iska ke kaɗawa.

"Na gan ta," ta ce.

"Ita nake so. Duk wannan ihun da nake yi don ta ji ne. Amma ban san ko za ta yarda ba, ba ni da komai."

"Za ta yarda."

"Kin tabbata?"

"Na san gidansu. Ka je kawai."

Ya yi murmushi ya koma kan fassararsa da ƙarfi fiye da na da. A duk zamansu bai taɓa faɗa mata haka ba, don shi mutum ne mai barkwanci a waje, mai nauyin baki a gida. Ba ta gaya wa Najat ba sai bayan wata biyu.

Da damina ta kama, ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, ya koma yin fassarar daga kujera. Sannu a hankali maganar ta ragu, sai dai ya nuna da yatsa ya ce, "Ga shi nan." Ya rasu ranar wata Talata da hantsi, ana yayyafi. A wurin jana'iza wasu dattawa masu furfura suka riƙa maimaita maganganunsa na gidan bidiyo ƙasa-ƙasa, suna danne dariya saboda liman.

Bayan ta fita takaba, wata la'asar Azeta ta kunna fim ɗin mai jan rawani. Ta zauna ta ga jirgi ya iso tsibiri, mutanen suna ta magana. Ko kalma ɗaya ba ta gane ba. Najat ta shigo ta same ta, ta zauna kusa da ita.

"Mma, in fassara miki?"

"Me ya ce yanzu?"

Najat ta saurara. "Ya ce su ɗaure jirgin da kyau, ruwa zai tashi."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Shi ke nan."

Azeta ta ci gaba da kallon mutanen suna jan igiya.

"Babanki cewa yake, ya ce wanda ya bar matarsa a gida ya fi kowa son komawa." Ta goge fuska da bakin mayafi. "Bar shi ya ci gaba. Amma ki rage muryar."