Limamin da Aka Ce Baƙo Ne

Mahaifina mutumin Damagaram ne. Ya shigo Kano neman ilimi yana saurayi, ya auri mahaifiyata, ya zauna a Gyadi-Gyadi har gemunsa ya yi fari fat. Shi ne limamin ƙaramin masallacin layinmu. Ban da limanci kuma yana da jarida, in dai za a kira ta jarida: shafi huɗu, sau ɗaya a wata, rabi boko rabi ajami. Shi ke rubutawa, shi ke gyarawa, shi ke kai ta wurin masu ɗab'i a Unguwa Uku a kan kekensa. Ni ina makarantar koyon jinya a lokacin, ni nake buga masa ɓangaren boko a kwamfuta. Ajamin kuwa da hannunsa yake zana shi.

Masu karanta ta baƙi ne irinsa: direbobi, 'yan adaidaita sahu, leburori, 'yan ga-ruwa. A ciki ake jin wane ya rasu a kai labari ƙauyensu, wane yana kwance a asibitin koyarwa babu mai jinya, wane yana cigiyar ƙaninsa da ya zo ci-rani aka daina jin ɗuriyarsa.

Wata damina, bangon ɗaki ya faɗo wa wani lebura a wani gidan haya a Tarauni, ya mutu nan take. Baba ne ya yi masa wanka. A can 'yan hayar suka nuna masa inda bangon ya daɗe da tsagewa, suka ce sun yi ta kai kuka wurin mai gidan, yana ce musu wanda bai ji daɗi ba ya tashi. Mai gidan wani Alhaji ne ɗan kasuwa, wanda ya shimfiɗa wa masallacinmu kafet, ya sa janareta.

Baba ya rubuta labarin yadda ya faru. Bai kama suna ba, amma kowa ya gane. Da nake bugawa na ce, "Baba, ka san fa gidan wa ne."

Ya ce, "Na sani. Buga."

Kwana uku da fitowar jaridar, bayan la'asar, Alhajin ya zo da dattawan layi biyu suka zauna a soronmu. Ina tsakar gida ina wanki, ina jin komai.

Alhaji ya ce, "Malam, mun riƙe ka hannu bibbiyu shekara da shekaru. Amma kada ka manta kai baƙo ne a garin nan."

Baba ya ce, "Alhaji, akwai ƙarya a abin da na rubuta? In akwai, nuna mini, wata mai zuwa in gyara."

"Ba maganar ƙarya ake ba. Jama'a sun ga ya dace ɗan gari ya riƙa ja musu salla."

Wace jama'a? Dattawan nan biyu, Baba ne ya raɗa wa 'ya'yansu suna, shi ya sallaci iyayensu. Amma babu wanda ya kare shi a cikinsu. Na ji ƙarar makullan masallaci da Baba ya ajiye a kan tabarma. Na matse rigar da ke hannuna har sai da ɗinkinta ya ɓalle.

Aka naɗa ɗan ƙanwar Alhaji liman. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ranar da magariba Baba ya yi alwala ya tafi ya tsaya a bayansa, a sahun gaba. Haka ya ci gaba. Na kasa haƙuri, na tare shi na ce, "Baba, masallatai sun ƙare ne a Kano? Don me za ka riƙa bin mutanen da suka wulaƙanta ka?"

Ya dube ni ya ce, "Ba don su nake yi ba. Je ki kunna kwamfutar, akwai wani direba da ake nema wa jini."

Masu ɗab'in suka fara ce masa inji ya lalace, wata bayan wata. Ya koma yin fotokwafi. Waɗanda ya yi wa rubutun ma wasu suka daina karɓa a bainar jama'a, sai su faki ido su cusa a aljihu, don yawancinsu a gidajen Alhaji suke haya. Na san tsoro ne, amma har yau ban ga uzurinsu ba. Baba bai daina fitar da jaridar ba sai da shanyewar ɓarin jiki ta kama hannunsa na dama.

Bayan na gama makaranta na kama aiki, a ɗakin da nake aiki a asibiti ya cika, da hantsi, ina riƙe da kansa. Kafin mu iso gida da gawar, direban Alhaji ya riga mu, da likkafani da buhun shinkafa. Na ce ya mayar da su mota. Ya tsaya yana kallona, na ɗaga buhun da kaina na jefa a but ɗin motar. Na shiga kasuwar Tarauni da kayan aiki a jikina na yanko farin yadi.

Inna, mahaifiyata, ta yi kuka ta ce na kunyata ta a idon unguwa, ta ce da Baba yana da rai da ba zai yarda ba. Gaskiyarta, ba zai yarda ba. Har yau in maganar ta taso sai ta kawar da kai, ni kuma ban taɓa ba ta haƙuri ba.