Iskar Da Ban Mayar Wa Taya Ba

Assalamu alaikum mai gyaran wannan mujalla, da ku masu karatu. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Yau dai na ce bari in rubuta, don na gaji da riƙe maganar nan ni kaɗai. Ba zan faɗi sunan kowa ba, har da nawa. Matata yau da sanda take tafiya, ƙafarta ta dama ta gajarce, kuma dalilin bai wuce wata magana da na kasa buɗe baki in faɗa ba.

A lokacin ni mushe ne, wato malami, a wata lakwal, makarantar yara, a Tasawa, na kusa shekara ashirin da alli a hannu. Ina da mata ɗaya da ɗiya huɗu, da wani tsohon babur da ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Matata 'yar wani ƙauye ce arewa da Gidan Amumune, inda hanya rairayi ce zalla. Duk sanda za ta je ganin gida sai ta hau motar kasuwa, ta sauka ta hau kabu-kabu, ta ƙarasa a amalanke, goyo a baya, kaya a cinya. Ta dawo ta kwana biyu tana ciwon ƙugu. Wannan ne ya sa na ƙulla a raina sai na sayi mota, ko da ƙarfe ne mai tari. Allah ya nufa na samu wata farar mota, okaziyon, wato ta hannu, ta sha duniya amma injinta lafiya lau. Na yi permi, lasisin tuƙi ke nan, na yi takardu. Ranar da na shigo da ita unguwa, wallahi ji nake kamar an naɗa ni sarauta.

Mekanisiyen da ke duba mini ita shi ya koya mini dabarar rairayi. Ya ce ƙaramar mota ba ta ratsa yashin ƙasar Mayahi da taya mai tauri, nutsewa take yi. Sai ka tsaya a bakin rairayi ka sa tsinken ashana ka rage wa kowace taya iska, ta yi laushi ta baje, sannan ta hau kan yashin. Amma ya riƙe hannuna ya ce in saurara da kyau: da zarar na fito na ga gudron, wato kwalta, in tsaya in mayar da iskar, ko ana bina da gudu. Taya mai laushi a kan gudron mai zafi lanƙwashewa take yi tana miƙewa, tana ɗaukar zafi, har ta fashe ba sallama. Na sayi pompo na hannu saboda haka. Aiki ne na gumi, taya huɗu, kafin ka gama rigarka ta jiƙe, amma bai wuce lokacin da ake shan shayi zagaye ɗaya ba.

Ni mutum ne mai mantuwa, kuma matata ta san haka. Ita ta ɗauke mini aikin tunawa. Duk sanda muka dawo daga ƙauyensu, hancin mota ya taɓa gudron, sai in ji ta ce, "Mushe, iska." Kalma biyu. Wani lokaci ta ƙara da tsiya, wai mutum ya haddace sunan kogunan duniya yana koya wa ɗiyan mutane, amma taya huɗu sun gagare shi. In yi tsaki in sauka, ita tana dariya, tana miƙo mini pompon ta taga.

Sai in gaya muku yadda nake da surukina, mahaifinta, don in ba ku san wannan ba ba za ku gane sauran ba. Dattijo ne mai shiru, manomi, a ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana fataucin dabino da kanwa a manyan motocin arewa. Tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In na je, tun daga ƙofar zaure nake cire takalma in durƙusa. Gaisuwa ce mai tsawo, daga nan shiru. In akwai magana mai nauyi, ƙanensa nake gaya wa ya kai masa. Matata kuma ita ce ɗiyarsa ta fari, ko sunanta ba ya kamawa, ita ma a gabansa ba ta yi mini magana, ba ta ko duban inda nake. Haka muka taso muka gani, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba. Ina ma alfahari da shi.

Wata safiya cikin bazara aka buga waya cewa ƙanen nan nasa, wanda ke zaune a Tasawa, ya rasu. Dangi suka ce za su jira babban wa har bayan Azahar kafin a kai shi. Ni ne mai mota a gidan, don haka ba sai an ce mini komi ba. Muka tashi ni da matata, na rage iska a bakin rairayi kamar kullum, muka isa ƙauye da hantsi. Tsoho ya fito da jajayen idanu, ya sa aka ɗora buhun hatsi a bayan mota don gidan makoki. Buhun ya cinye wurin, sai aka jefa pompon a ƙasan kujerar baya. Na buɗe masa gaba ya shiga, matata ta koma baya ta ja mayafi. Wannan ne karo na farko da ni da shi muka zauna kafaɗa da kafaɗa. Ko numfashi a hankali nake yi.

Muka ratso rairayi. Rana ta take, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu. Da muka iso gudron na tuna. Ina so a rubuta wannan yadda na faɗe shi: ban manta ba. Har na ɗora ƙafa a birki, mota ta rage gudu. Daidai nan tsoho ya leƙa ya dubi rana, ya ce a hankali, kamar da kansa yake, Allah ya sa mu iske ba a kai shi ba. Na ce a raina, yanzu in tsaya in bar dattijo a cikin zafi, gawar ƙanensa na jira, ni ina ta faman bugun pompo? Da wane baki zan ce masa ya yi haƙuri? Kuma wanda nake aikawa da magana wurinsa shi ne kwance a likkafani. Na dubi madubi ina neman matata, ina jiran kalma biyun nan, don in ta faɗa na samu abin fakewa. Fuskarta na wajen taga. Na ɗauke ƙafa daga birki na hau gudron.

Na yi wa kaina alkawarin tafiya a hankali. Amma wayata ta yi ƙara, aka ce mutane sun taru. Ta sake ƙara, aka ce liman na tambaya. Kowace ƙara sai ƙafata ta ƙara nutsewa. Ina jin sitiyari ya yi nauyi, ina jin mota tana rangaji kaɗan-kaɗan, har warin roba na fara ji, ina ce wa kaina saura kaɗan. Ban san tsawon tafiyar da muka yi a haka ba. Abin da na sani, tayar baya ta dama ta yi ƙara kamar bindiga, mota ta kwashe, ni kuma na danne birki da dukan ƙarfina, abin da aka ce kada a yi. Muka bar hanya, muka gangara, ta juya ta kwanta a gefenta.

Ni santir, bel ɗin kujera, ya riƙe ni, na fito da ƙujewa. Tsoho goshinsa ya fashe, amma ya fito da ƙafarsa. Matata ce ba ta fito ba. Ƙofa ta lotse ta danne mata ƙafa. Wasu Fulani da ke kiwo kusa suka sheƙo, su suka taimaka muka ɗaga ƙarfen, wata mata daga cikinsu ta ware zanenta ta yi mata inuwa har ambilans ta zo. Hatsi ya watse ko'ina a kan yashi. Tsoho yana tsaye jini na bin gemunsa, yana kallon ɗiyarsa, a ranar na fara jin ya kira sunanta. An rufe ƙanensa ba shi.

Abin da ya biyo baya gajiya ce kawai, ba ni da wani suna da zan ba shi. Watanni a asibiti a Maradi, aiki bayan aiki, ƙarfe a cikin ƙashi. In fita daga aji in hau motar kasuwa, in dawo in tarar da ɗiya ba su ci ba. Matar da take daka tana waƙa, take tuyar ƙosai tun asuba, ta dawo sai an kama ta za ta tashi. Jandarma suka rubuta cewa taya ce ta fashe. Masu zuwa jaje suka ce ƙaddara ce, na ce haka ne. Mekanisiyen ne kaɗai da aka jawo motar ya durƙusa ya latsa sauran tayoyin uku da babban yatsa, ya ɗago ya dube ni, ya tafi. Na sayar da ita a matsayin ƙarfe. Na ƙi jinin kaina, kuma na yi shiru, shekara da shekaru. Surukina kuwa ya daina zuwa Tasawa sam. Na ce ai dole, wa zai so ganin wanda ya karya masa ɗiya.

Da kakar bara aka ce ba ya jin daɗi. Na hau kabu-kabu na je. Na iske shi a rumfa kan tabarma, ya rame. Muka yi doguwar gaisuwarmu, shiru ya biyo baya kamar kullum. Ban san abin da ya tura ni ba, wataƙila tsoron kada ya mutu ban faɗa ba. Kaina a ƙasa na ce, Baba, ina da magana. Na gaya masa komi, rage iskar, da birkin da na taka na saki, da kunyarsa da ta hana ni tsayawa. Na roƙe shi gafara. Ya daɗe yana jan carbi, har na ɗauka bai ji ba.

Sai ya ce, "Malam, shekara nawa na yi a motocin arewa? Tun da muka hau gudron na ji tayar nan a jikina. Na ga ka taka birki ka saki. Na so in ce ka tsaya, sai na ce mi zai sa in koya wa surukina tuƙin motarsa. Ba don kai na daina zuwa ba. Ita ce ba na iya kallo."

Muka zauna mu biyu muna hawaye, kowa na kallon tabarma. Na dawo gida da La'asar na iske matata a tsakar gida, ta miƙe ƙafar a kan kujera tana tsince wake, sandar na jingine da bango. Na zauna na gaya mata abin da na faɗa wa mahaifinta da abin da ya ce. Ina jiran ta yi kuka ko ta zage ni, kuma da ta yi da na ji sauƙi. Ba ta daina tsintar waken ba. Ta ce, "Na sani, Mushe. Pompon yana ƙarƙashin ƙafata. Tun daga bakin gudron nake taka shi, ina cewa yanzu za ka tsaya."

To kun ji. Mutum uku a mota ɗaya, duka mun san taya ba iska, duka mun san abin da zai iya faruwa, kowa na ganin girman wani. Ni ban ce a bar kunya ba. Har gobe in na je ƙauye zan cire takalma a ƙofar zaure. Amma na gane, a makare, cewa wanda ya riƙe sitiyari shi ke da nauyin rayukan da ke ciki, ko da mahaifinsa ne a gefensa, ko liman, ko maigari. Da na tsaya a ranar, iyaka dai mu rasa jana'iza, kuma mun rasa ta ɗin. Tsoho da ya yi haƙuri, don ya fi ni sanin hanya.

Ku masu ƙananan motoci da ke shiga rairayin Sarkin Hausa da Kona da sauran ƙauyukanmu, in kun rage iska ku mayar da ita kafin ku hau gudron, ko wa ke jira. In taya ta fashe ku riƙe sitiyari ku bar mota ta rage gudu da kanta, kada ku danne birki irin nawa. Na baya ma ya ɗaura santir. Ku kuma da ake ɗauka, in kun ga abin da ba daidai ba ku faɗa, ko shofer, mai tuƙin, surukinku ne, ko mijinku ne a gaban ubanku. Zai ji nauyi na ɗan lokaci ya wuce.

Ni yanzu na koma kan babur, na kusa retret, wato ritaya. Pompon yana nan rataye a ɗaki, Fulanin ne suka tsince shi a cikin hatsi suka ba ni, na kasa jefarwa. Matata ta yafe mini, ta faɗa ba sau ɗaya ba, har tana ce mini ita ma ta yafe wa kanta, saura ni. Tana tsokanata kan mantuwa kamar da, kan hula, kan makulli, kan tabarau. Amma kalma biyun nan, tun ranar ban sake jin su a bakinta ba.