Tarwaɗar da ta ƙi cin abinci a Taloka

Har na bar aiki ban manta da ranar da Alhaji Bube ya shigo ofishinmu a Goronyo da mataccen kifi cikin leda ba. Lokacin ina jami'in kifi a sashen gona, ranin da kowa ya fara sa sola a garkarsa. Aikina shi ne in zaga wurin masu kiwon kifi, in duba ruwa da abinci, in ba da shawara.

Alhaji ya ajiye ledar kan teburina, ya ce, "Malam Sani, rubuta min takarda. Guba anka zuba min, kuma na san wanda ya zuba."

Wanda yake nufi shi ne Malam Garba, maƙwabcinsa mai noman albasa, wanda garkarsa ke jingine da tafkin kifin Alhaji a Taloka. Tare sunka tashi tun suna yara. An ga Garba yana wanke tankin feshi kusa da iyaka, shi ke nan magana ta kai gaban mai gari, anka ce ranar Juma'a zai dafa Alƙur'ani ya rantse. Kun san yadda abin yake a wurinmu. Ko mutum ya rantse ya fita, sunan wanda anka kai ga rantsuwa ba ya barinsa.

Na ce ba ni rubuta abin da ban gani ba. Ya ji haushi ƙwarai, amma ya ɗauke ni a babur.

Ƙa'idar aikin ita ce ka fara da ruwa: launinsa, warinsa, sannan ka buɗe kunnuwan kifin inda yake numfashi. Maganin feshi yakan sa kifi ya taso sama yana haki, ƙanana su fara mutuwa, har kwaɗi ba su tsira. Nan kuwa kwaɗi na ta sha'aninsu. Tarwaɗar ce duk ta taru a kusurwa ɗaya, tana hawan juna, tana jin ciwo, rabin tafkin fayau. Waɗanda sunka mutu, cunkoso ya kashe su.

Na ce, "Alhaji, kullum haka suke?"

"Da asuba suna watsewa. Rana na ɗagawa sai su koma can."

Nan na tsaya. Guba dai ba ta san asuba da hantsi ba. A ɓangaren da kifin ya gudu ya bari akwai famfon sola cikin ruwa, mai jan tsohon ruwa zuwa garka. Na tambaya ko an taɓa wayarsa. Ya ce ɓera ya ci ta, wani mai gyara ya haɗa, ya naɗe da guntun robar taya kamar yadda muke naɗe komai.

Na ce wuta ke zuba cikin ruwan. Alhaji ya yi dariya, ya naɗe hannun riga zai tsoma. Na riƙe shi, don wannan gwajin ya kai mutane lahira. Ya ce, "Mi kake tsoro? Jiya ma na sa hannu, ban ji komi ba."

Na ce, "Kai ba ka ji ba, Alhaji. Su sun ji."

Sai na yi masa bayanin da anka yi mana a makarantar koyon aikin kifi. A teku akwai wani kifi mai faɗi kamar faifai, dangin kunamar ruwa. Kewayen bakinsa akwai ƙananan ramuka cike da wani abu mai yauƙi, a haɗe da jijiyoyi. Duk mai rai, idan yana motsi ko numfashi, jikinsa na fitar da 'yar wutar lantarki kaɗan. Da ramukan nan kifin ke jin ta, har ya tono abincinsa daga cikin yashi ba tare da ya gan shi ba. Tarwaɗarmu ma tana da irin nata a fata, shi ya sa take farauta a ruwan laka. Ba kamar minjirya ba ce, mai harbin mutum da wuta, ita ji kawai take yi. To wadda ke jin motsin tana, ina ga waya mai yoyo?

Alhaji ya ce boko ne. Ban ja da shi ba. Na sa anka kira mai gari da Malam Garba, munka lulluɓe farantan solar da tabarmi, famfo ya tsaya. Munka zauna gindin darbejiya. Can sai kifin ya fara warwatsuwa, ɗaya bayan ɗaya, har anka watsa abinci ya taso yana wawaso. Munka yaye tabarmin. Nan take ya sheƙa kusurwarsa.

Mai gari ya ce a sake. Anka sake, haka ta faru. Ya dubi Alhaji, ya ce, "Babu sauran rantsuwa."

Alhaji ya je gaban Garba, ya ce, "Ka gafarce ni, ɗan'uwa."

Garba ya ce, "Na yafe, Bube. Amma da ka zo ka tambaye ni kafin ka tai gun mai gari."

Ya ɗauki fartanyarsa ya koma garka. Wallahi tausayinsu duka biyu ya kama ni. An canza waya a ranar, kifi ya murmure, Alhaji ya sayar lafiya. Amma kafin damina Garba ya dasa shingen ƙaya a iyakar da a da ko kara babu, kuma da na koma zagaye bayan shekaru na tarar da shi nan.

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kunka shigo aikin nan yanzu: duk wanda ya zo muku da mataccen kifi, da sunan wani a bakinsa yake zuwa. Ku je bakin ruwa tun ranar, kafin sunan ya kai kunnen mai gari. Ni na makara, don ranar da na isa Taloka duk gari ya riga ya ji.