Selariti, In Sha Allahu

Ni fa ba ni na kai kaina ba, jawo ni aka yi. Laifina ɗaya a tashar Birnin Kudu, na yi aji biyar a firamare kafin na ga karatun ba zai yi da ni ba, na gudo. Tun daga nan duk takardar da iska ta kwaso sai a ce a kira Sabo. Ina yaron mota, an maishe ni akawun dole. To ku sababbin yara, ranar kasuwar Gwaram ɗin nan har yau ba ta fita raina ba.

Lokacin kuɗin fetur ya fara shigowa, ma'aikata sun samu ƙarin albashi, kowa tafiya yake. Maigidana Alhaji Ɗanjuma ya sayo sabuwar kiya-kiya daga Kano, wato ƙaramar bas. Tsarin aikin kun san shi. Mai mota a sama, sai direba, sai yaron mota mai ɗaura kaya da kiran fasinja. Yaro ba ya taɓa sitiyari sai mai mota ya ce wa direba ya fara koya masa. Abin da nake jira ke nan tun da na zo tasha.

Alhaji ya kira ni. Ya ce, "Kai Sabo, ba ɗan boko ne kai ba?"

Na ce, "Rabin boko dai, Alhaji."

Ya ce, "Rabin ya isa. Kowace mota a tashar nan Allah Kiyaye, Allah Kiyaye. Ni Turanci nake so a bayan tawa, mai nufin sauri. Kuma ba irin wanda 'yan aji uku suka sani ba. Wanda akawu zai gani ya cire tabarau ya goge. In ya jawo min fasinja, Iro direba zai fara ba ka sitiyari. In ka ba ni kunya, ka koma Wurno wajen kawunka, fartanya na jiranka."

Ni da fartanya kuwa tun ina ƙarami ba ma shiri.

Na tafi wajen tsohon malaminmu, Malam Habu, wanda bulalarsa ta fi kowa sanin bayana. Da ya gan ni ya ce, "Ka dawo ƙarasa aji shida ne?" Na ce, "A'a Malam, kalma ɗaya na zo aro." Ya ɗauko ƙamus, ya yi ta buɗawa, sannan ya rubuta min CELERITY, ya ce a faɗa Selariti. Ya ce, "Saurara. Wannan kalmar rubutu ce, ta takardun ofis, ba a kiran fasinja da ita. A nahawu kalmar suna ce, kuma ba ta tsayawa ita kaɗai kamar turke. Sai ka ce wane ya yi aikinsa da ita." Ya rubuta min jimla sukutum, mai nufin muna yi muku hidima da hanzari. Ya ce haka za a sa, kar a cire ko wasali.

Mai fenti ya auna gilashin baya ya ce jimlar ba za ta shiga ba sai in za a zagaya da ita har ƙofar direba. Alhaji ya ce, "A zubar da ƙananan, a bar babbar." Aka rubuta ta da jan fenti, ita kaɗai, kamar turken da Malam ya hana.

Ranar kasuwar Gwaram layi ya zo kanmu. Damina ta fara, hanya duk ramuka da taɓo. Ƙa'idar tasha, ɗan kamasho shi ke ba mota layi, in fasinja suka ƙi ta, ba ya jira, ta bayanta yake jawowa. Ɗan kamashonmu Baba Ado, shi kuwa ko uwarsa ce mai motar ba ya jira.

Da farko abin ya yi kyau. Wani akawu ya tsaya ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya shiga. Na kalli Alhaji, Alhaji ya kalle ni. Malam Habu ma ya zo, zai je Gwaram gaida surukai. Ya ga kalmarsa tsirara, ya girgiza kai, ya shiga.

Sai ga Inna Tabawa daga Sundimina da kwandon daddawarta. Duk matan da ke zuwa kasuwa motar da ta shiga suke shiga. Na ɗaura mata kwando, ta zagaya bayan mota, ta ga rubutu, ta shafa fuska ta ce, "Amin, amin." Abin da na manta ke nan. Mutanenmu rubutun jikin mota addu'a suke ɗaukarsa, ko sun iya karantawa ko ba su iya ba. Ta juyo ta ce, "Ɗan nan, me aka roƙa?"

Na buga ƙirji na ce, "Inna, Turanci ne mai tsada. Sauri ke nan."

Ta ce, "Sauri da me?"

Na ce, "Sauri kawai."

Ta ce, "Ba a sa sunan Allah ba?"

Na ce, "Wurin bai isa ba, Inna."

Ta ce, "To na janye amin ɗina. Sauke min kwandona."

Ba ta ɗaga murya ba, amma kafin na kwance igiya mata sun fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijon Bafulatani da muka riga muka ɗaure wa rago ya ce shi ma ragonsa ba ya gaggawa. Baba Ado ya ɗaga hannu yana kiran ta bayanmu. Alhaji ya nuna min hanyar Wurno da baki.

Na ce, "Baba Ado, don Allah bari in sha ruwa in dawo." Ya ce, "Ruwan ya zama kurɓi ɗaya." Na ruga rumfar mai fenti. Ba ya nan, amma gwangwaninsa na nan. Na dawo na hau bamba. Boko na san Inna ba za ta yarda da shi ba, to allo na fi daɗewa a kai. Na rubuta In sha Allahu da ajami a ƙarƙashin Selariti, fenti na zuba, harafi na hawa kan harafi.

Inna ba ta yarda da bakina ba. Ta ce da dattijon, "Malam, duba min, yaron nan idonsa a tsaye yake." Ya matso ya bi da yatsa, ya ce, "Haka ne. Hannun dai kamar kaza ta bi, amma haka ne." Ta shafa fuska ta ce amin, ta shiga gaba kusa da Iro direba. Kafin Baba Ado ya gama tsaki mota ta cika. A dawowa da yamma, bayan mun sauke mutane, Iro ya matsa gefe ya ce in zauna in kama. Ranar na fara taɓa sitiyari.

Abin da na koya, Malam Habu bai yi ƙarya ba, kalmar ba ta tsayawa ita kaɗai. Sai dai shi abokan tafiya na cikin ƙamus yake nema mata, fasinja kuma wani abokin tafiyar suke nema. Wanda zai ba ka ransa ka ɗora a kan taya huɗu, yana da ikon tambayar me ka rubuta, kuma da izinin wa.

Shi kuwa Malam bai haƙura ba. Tun da muka bar tasha yake mita daga kujerar baya. Ya ce da ma an yi wa kalmar tsirara, yanzu kuma an ɗaura mata abin da ba nata ba, ɗaya na tafiya dama, ɗaya na tafiya hagu, babu Baturen da zai rubuta haka. Akawu na taya shi. Ana cikin haka muka faɗa wani rami, kowa kansa ya gaisa da rufi, rago ya yi kuka. Inna Tabawa ta gyara ɗankwali, ta juyo a hankali.

Ta ce, "Malam, shi Baturen da ya yi kalmar, ya taɓa bin hanyar Gwaram da damina?"