Bijiminmu da Kwalbar Lemo

Malamin kimiyyarmu ya taɓa gaya mana cewa kowane sinadari a duniya yana da lambarsa, kashi uku da ɗan layi a tsakani, har ruwan sha da gishirin miya. Kamfani na iya sauya wa magani suna, amma lambar ɗaya ce ko a ƙasar Sin ko a Bakura. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, ashe gishiri ya riga ni samun katin ɗan ƙasa." Aji ya tuntsire da dariya, ni na sha bulala.

Mu dai a Faru maganin feshi ba ya iso mana da lamba. Ranar Talata baba yakan tafi kasuwar Mafara, mai magani ya tsiyaya masa daga babbar jarka zuwa kwalbar lemo, ya toshe bakin da leda. Suna kuwa mu muke raɗawa. Akwai Gobara, akwai Ba-gardama.

Farkon daminar bara, bijimin huɗarmu, wanda cikinsa zai ɗauke rumbu biyu bai yi gyatsa ba, ya tsinke igiya ya afka wa ciyawar da baba ya yi wa feshi da safe. Kafin azahar miyau na zuba daga bakinsa kamar famfo, ƙafafunsa na rawa. Shi kaɗai gare mu. Da na maƙwabcinmu muke haɗa shi a garma, a huɗe gonarsu, a huɗe tamu.

Malamin dabbobi ya zo daga Maradun a babur, ya ce a kawo kwalbar. Ya jujjuya ta, ya dubi baba.

"Alhaji, wanga ai lemo na."

"Gobara ce a ciki."

"Ban san Gobara ba. A samo min lambar da ke jikin jarkar asali, in duba a waya in san dafin da ya ci. Ba kowane dafi ke jin allura ɗaya ba."

Na ari babur ɗin yayana na nufi Mafara, awaki na tsine min a hanya. Na iske mai maganin a ƙofar gidansa yana cin rake. Ya sa aka fito da jarkar. Fara tas, ko harafi babu.

"Yaro, ni ma daga wata jarka aka tsiyayo min. Ya kashe ciyawa ko bai kashe ba?"

"Ya kashe, Baba. Yanzu ya koma kan bijiminmu."

"To ka gani, mai kyau na."

Na dawo hannu banza. Malamin ya yi allurar da ya ga ta fi kusa, aka ɗura wa bijimin dakakken gawayi. Bai tashi ba. Baba ya nemi wuƙa, malamin ya ce ko an yanka, kada kowa ya ci naman.

Muka haƙa rami a bayan gari muka binne shi. Maƙwabcinmu ya haɗa nasa da na wani. Da garmar hannu muka yi huɗa, rabin gonar ba mu kai gare shi ba.