Makunnin da Aka Hana Mama Taɓawa

Duk wanda ya girma a Bukuru ya san sanyin da nake nufi, wanda yake bi ta ƙarƙashin ƙofa ya kama yatsun ƙafa tun kafin a kira isha'i. A gidanmu maganinsa guda ne, kaskon gawayin Iya, kakarmu ta wajen uba. Da an ci tuwo sai mu kewaye shi, ni da ƙanena Nasiru da 'ya'yan maƙwabta, kowa ya tura dankalinsa cikin toka yana gadi kada a sace. Iya ta yi ƙuruciyarta tana wankin kuza a wuraren haƙar ma'adinai, tafin hannunta duk kanta, har tana iya juya garwashi da yatsa ba ta ko motsa fuska.

Ba tsohuwar nan ba ce mai lallashi. Ta tsani mai fankama fiye da yadda ta tsani ɓarawo, domin a cewarta ɓarawo dai yana da kunya, shi ya sa yake jiran dare. Tatsuniyoyinta kusan duk a kan irin waɗannan mutane suke, kuma idan tana kwaikwayon muryarsu sai ta ɗaga hanci ta lanƙwasa baki, mu yi ta dariya har wani ya shure kasko.

Tana farawa ne da cewa, "Ga ta nan ta gangaro daga kan dutse."

Mu kuma mu ce, "Ta iso, mun tare ta."

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta Shayabo mai lambu. Shayabo ya gaji lambu a ƙarƙashin wani tsohon ramin haƙar kuza da ya zama tafki, ya kuma gaji wani dattijo da ke tsaron bakin magudanar ruwa. Aikin dattijon ba shi da wuya. Da safe ya ɗauke dutse ruwa ya gangara, da yamma ya mayar da dutse ya datse. Shekara talatin yana haka, albasa ba ta taɓa ƙishi ba.

Sai Shayabo ya ji labarin wani gwani a wata ƙasa, wanda ke raba ruwa da jin fito. Ka tsaya kan tudu ka yi fito ɗaya ya juya ruwa wajen albasa, ka yi biyu ya juya wajen kabeji. Shayabo ya sayar da shanu ya ɗauko shi. Bai gaya wa dattijo komai ba, don a ganinsa wa ke shawara da mai ɗaga dutse? Ya gayyato manyan gari da la'asar sakaliya, ya hau tudu da babbar riga, ya yi fito. Shiru. Ya sake, shiru. Ya yi ta fito har leɓensa ya bushe, ashe dattijo ya riga ya datse ruwa kamar kullum, gwani kuwa yana tsaye a busasshiyar magudana da fartanyarsa, ba abin da zai juya.

A nan Iya takan kumbura kumatu ta ce, "Shayabo ya ce, 'Wannan tsoho shi ke ɓata mini ci gaba! A ɗaure masa hannu!'"

Aka ɗaure hannun dattijo ta baya, aka jefar da dutsen. Ruwa ya yi ta gudu dare da rana. Kwana uku Shayabo yana fito yana shan yabo. A rana ta huɗu aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, tafki ya tumbatsa, ya share lambun har da bukkar gwani. Shayabo ya rugo wurin dattijo yana ihu, "Kana zaune kana kallo? Me ya hana ka datsewa?" Dattijo ya juya masa baya ya ce, "Da wane hannu, ranka ya daɗe?"

Daga nan sai ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Iyakar ƙaryata ke nan, wanda ya fi ni ya ɗora." Nasiru ne yake fin kowa dariya. Har yakan miƙe ya hau turmi yana fito, yana cewa shi ne Shayabo. Da mun san addu'a yake yi wa kansa, da mun sauko da shi.

Yau ni mai wayarin ɗin wutar lantarki ne, shagona yana Gada Biyu, shekara ashirin da wani abu ina wannan sana'a. Nasiru kuwa Allah ya buɗa masa, ya gina gida mai bene. Da zai yi wayarin bai neme ni ba. Ya ce aikin ya fi ƙarfin "masu tsohon hannu", ya ɗauko wani daga Abuja mai ɗaure wuya da jakar kwamfuta. Na ce Allah ya ba da sa'a, na kuwa ɗauke ƙafata daga gidan. Bayan tarewa ya je Anguwan Rogo ya ɗauko Mama, mahaifiyarmu, daga ɗakin da take ciki tun da muka baro Bukuru, ya ce lokacin hutunta ya yi.

Na ji labarin gidan a bakin mutane kafin in gan shi da idona. Wai fitilunsa jin magana suke. Duk baƙon da ya shiga, kafin a ba shi ruwa sai Nasiru ya zaro waya ya mayar da falo shuɗi, ya mayar da shi ja, ya yi wa wani ɗan akwati Turanci fitila ta dushe. Mutum ya zo gaisuwar rashin lafiya, a tsare shi da wasan fitila.

Wata uku bayan haka sai ga kiransa. Ko gaisuwar kirki babu.

"Yaya Habu, ka zo ka duba mini sistem ɗin nan. Mutumin Abuja ba ya ɗaga waya. Kullum ƙwayayen fitilun suna fita daga netwok, musamman ɓangaren Mama. Na yi magana har na gaji, ba ta daina danne-danne ba. Yanzu kuma wai ta haɗa kaya za ta koma Anguwan Rogo. Ka ji fa, don na ce kada ta taɓa suwici!"

Na so in ce masa tsohon hannu ba ya nan. Maganar haɗa kayan ce ta sa na ɗauki jakata na tari keke.

Abin da na fara gani a ɓangaren Mama shi ne salatif. Kowane makunni, na ɗaki da na banɗaki da na baranda, an liƙe shi da baƙin salatif, an manna takarda an rubuta gargaɗi da Turanci, ga matar da ko Hausar boko ba ta karantawa. Mama tana zaune a kan darduma, jakunkunanta biyu a ɗaure a gefen gado, 'yar tocila a kan cinyarta. Muka gaisa, na tambaye ta tocilar mece ce.

Ta ce, "Ta alwala ce. In magariba ta yi ba na son in yi ta kiran mutane. Nasiru ya ce in yi wa akwatin magana, na yi, bai san Hausa ba. Ni kuwa ban iya ɓata wa yaro dukiya ba, Habu. Gara in koma inda na san kan ƙofa."

Na ajiye jakata. Na ɓalle salatif, na kwance makunnin, na sa abin gwaji. Wayarin ɗin ba laifi, komai yana inda ya kamata. Na danna, na ji ƙas a ciki, wuta ta yanke daga wayar da ke zuwa ƙwan fitila. Na ce wa Nasiru ya duba wayar hannunsa. Ya ce ƙwan ya ɓace daga cikinta. Na sake dannawa, bayan ɗan jim ya dawo. Ko minti goma ban yi ba na gano ciwon da ya hana gidan zaman lafiya wata uku.

Abin ba wani asiri ba ne. Ƙwan fitila irin wannan yana da 'yar ƙwaƙwalwa a cikinsa, kuma ko ba ya haske dole wuta ta ci gaba da isa gare shi, don da ita yake sauraren umarnin waya. Shi kuwa makunnin bango, duk wayon da aka ce yana da shi, aikinsa yanke wuta ne. Mutumin Abuja ya sayar wa Nasiru masu wayo biyu, ya ɗora ɗaya a kan ɗaya, na sama yana shaƙe na ƙasa. Ga kuma ƙarin masifa. Idan wani ya riga ya kashe ƙwan daga waya, Mama ta danna bango ba ta ga haske ba, sai ta sake dannawa, ta sake, kamar yadda kowane mai hankali zai yi. Shi kuma ƙwan an yi shi ne idan aka kunna aka kashe sau da yawa a jere ya manta duk abin da aka koya masa, ya koma yana ƙyaftawa kamar fitilar biki.

Na yi wa Nasiru bayani a baranda. Ya saurara yana kaɗa makullin mota, sannan ya ce, "To ka gani, ai maganata ce. Da ba ta taɓa ba, da ba a samu matsala ba."

Na ce, "Kai dai ka bar jaki kana dukan taiki. Ka kafa makunni a bango daidai hannun mutum, sannan ka ce laifi ne a danna shi? Wanda ya haɗa maka wannan shirme ya karɓi kuɗinsa ya kashe waya, ita kuma da ta haife ka tana alwala da tocila."

Ya fara borin kunya, wai ni ban fahimci zamani ba. Na ce na fahimta sarai, hanya biyu ce. Ko dai a shiga saitin makunnin a hana shi yanke wuta, ya zama in an danna saƙo kawai yake aika wa ƙwan, wanda kuma duk ranar da intanet ɗin gidan ya yi gardama sai a koma gidan jiya. Ko kuwa a cire ƙwayayen masu ƙwaƙwalwa a sa na gama-gari, makunni ya yi aikinsa, ta bango ko ta waya. Na ce a falonsa ya zaɓi wadda ya ga dama, ya yi ta mayar da baƙi shuɗi. Amma ɓangaren Mama ta biyun za a yi, yau ɗin nan.

"Yaya, ƙwan kasuwa a gidan nan? Ai zai ɓata tsarin."

Na ɗauko ƙwayaye uku daga jakata, irin waɗanda nake sa wa masu shayi, na hau kujera na canja su. Na tattara nasa masu tsada na zuba masa a hannu. Sannan na shiga na ce wa Mama ta zo ta gwada.

Ta taso a hankali, ta tsaya gaban makunnin, ta ɗaga hannu. Sai ta juya ta dubi ɗan da ta goya, ta ce, "Nasiru, in taɓa?"

Ya sunkuyar da kai. Ni ne na ce ta taɓa. Ta danna, haske ya zo. Ta sake dannawa, ya tafi. Ta ce, "To, madalla," ta koma kan dardumarta.

Mama ba ta tafi ba. An kwance jakunkuna, kuma na ji Nasiru yana gaya wa abokansa cewa shi ya gano matsalar, wai rikicin saiti ne. Bai dame ni ba, Shayabo ma ai ba a ce ya tuba ba.

Abin da ya dame ni daban ne. Muna yara mun ɗauka tatsuniyar nan ta wawan mai lambu ce, shi muke jira ya sha kunya mu yi dariya. Sai yanzu na lura Iya ba ta taɓa gaya mana abin da ya faru da dattijon ba bayan an kwance shi, ko ya sake yarda ya ɗaga dutse ba tare da ya waiwaya ba. Mu ma ba wanda ya taɓa tambaya. Kuma idan zan raina Nasiru, to in rage wa kaina kaɗan, domin wata ukun nan ina Gada Biyu ina jinyar fushin an hana ni kwangila, ban leƙa na ga yadda uwata take kwana ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na biya gidan dab da magariba. Na tarar da ɗakinta da duhu, har na fara zagin ƙwan da na sa a raina. Na laluba na danna, haske ya kama nan take. Tana zaune a bakin gado da carbi, makunnin bai fi kamu biyu daga kafaɗarta ba.

Na ce, "Mama, ai an gyara. Me ya sa kike zaune a duhu?"

Ta ce, "Na sani, Habu. Jira nake wani ya shigo."