Belin Dattijo

Dattijo Bafulatani ne, amma a gefen Bunkure aka yanke masa cibiya. Mahaifinsa ne ya gaji da yawon kiwo ya kafa bukka kusa da babban kanal na ban-ruwa. Dattijo ya tashi yana kiwo yana noma, har ya tara shanu tara da gonar haya, shinkafa da damina, albasa da rani. Ba shi da yawan magana. Matarsa Mairama ce ke kai nono kasuwar Kura.

Yana da shekara hamsin da biyu aka sace injin ban-ruwa a gonar maƙwabcinsa, Alhaji Uba. An ga sawun shanu a bakin kanal, sai aka kama mutum biyu, Dattijo da Hambali mai gadin gonar. Alƙali ya ba da belinsu a kan sharaɗi iri ɗaya: a ajiye kuɗi, a kuma kawo mai tsayawa, ma'aikacin gwamnati ko mai takardar gida. Surukin Hambali malamin firamare ne, kafin la'asar Hambali yana gida. Dattijo kuwa aka saka shi a mota sai gidan yari a birni.

Mairama ta sayar da bijimai biyu, kuɗi suka samu. Mai tsayawa ne ya gagara. Mai unguwa ya ce ya san Dattijo tun yana yaro, amma gidansa na gado ne, ba takarda. Ta je wajen wani malamin gona da ya shekara goma yana sayen nononta. Ya ce Fulani ba su da tabbas, in mijinta ya shige daji wa zai nemo shi?

"Malam," in ji ta, "kabarin ubansa yana bayan ofishinku. Ina za shi?"

Ya ce ta dai yi haƙuri. A harabar kotu wani ya ce mata tsaya wa mutane ce sana'arsa. Ya karɓi kuɗin saniya guda, ba ta sake ganinsa ba.

Sau bakwai ana ɗage shari'ar. Yau ba motar kawo fursunoni, gobe mai gabatar da ƙara ya yi tafiya, jibi alƙali na hutu. A gidan yari, ɗakin da aka gina don mutum ashirin su kusan sittin ne a ciki. Can Dattijo ya kwaso ƙazuwa da tarin da bai rabu da shi ba har yau. Albasarsa ta ƙone don rashin ruwa, mai gona ya ba wani haya.

A wata na goma sha ɗaya aka ga injin a wajen wani bakanike a Kumbotso. Ɗan ƙanin Alhaji Uba ne ya kai shi. Alhaji ya janye ƙara, ya ce maganar cikin gida ce. Aka sallami Dattijo cikin minti biyu. Da suka haɗu a masallacin Juma'a, Alhaji ya ba shi hannu ya ce ƙaddara ce.

Bayan nan, wata rana da yamma a majalisar mai shayi, rediyo ta kawo muhawara kan sassauta sharuɗɗan beli. Gardama ta kaure. Hambali ya fi kowa ɗaga murya, yana cewa in aka sassauta ɓarayi za su cika gari, manomi ba zai ƙara ajiye inji a gona ba. Dattijo ya ajiye kofinsa.

"Hambali, mota ɗaya ta kai mu kotu," ya ce. "Me ka fi ni ran nan, ban da suruki?"

Wani ya canza tasha.

Shanu uku suka rage masa, sauran duk hidimar shari'a ta cinye. Bai sake neman gona ba. Yanzu shanun wani ɗan kasuwa na Madobi yake kiwo, ana biyansa duk wata, kuma Mairama ce ke zuwa karɓa, don shi ya ce ba zai ƙara dangwala yatsa a takardar kowa ba.